Ciwon da Ba a Gani da Ido: Ƙarya, Gajiya da Ɓoyo a Gwajin Firgici

 

Masu girma iyayen ƙasa, malamanmu na addini, jami'an lafiya, malaman makaranta, iyayenmu mata, da 'yan'uwa masu aikin agaji da suka taso daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. A yankin nan mun san nauyin wannan addu'a.

An nemi in yi magana kan yadda masana halayyar ɗan Adam ke gane mutumin da ke ƙaryar ciwon firgici, da kuma wanda ke amsa tambayoyin gwaji da ka, ba tare da ya saurara ba. Zan yi bayanin dabarun dalla-dalla, don suna da ban sha'awa kuma kuna da haƙƙin saninsu. Amma tun da wuri zan faɗa muku inda na karkata. A ƙasarmu maƙaryacin bai kai sauran matsalolin ba ni tsoro ba. Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauko ma'aunin da aka ƙera a wata ƙasa, a ɗora shi kan matar da aka kashe mijinta a gabanta, ma'aunin ya ce ƙarya take yi, mu kuma mu yarda.

Ba sai na tsaya ba ku labarin abin da kuka fi ni sani ba. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, aka sako 344 ranar 17 ga wata ta wajen Tsafe. Kafin wannan, a watan Yunin shekarar, an kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, namu uku duk suna ciki. A Yunin 2024 'Yargoje ta ga nata. Tsakanin waɗannan da suka shiga jarida akwai ɗaruruwan dare da ba wanda ya rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2019 cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga ciwon damuwa zuwa firgici zuwa abin da ya fi haka tsanani. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200. Saboda haka takardar tambayoyi ce ke zuwa ƙauye, likita ba ya zuwa. Matashi ne zai zo da ita a cikin waya ko kwamfutar hannu, ya zauna ya yi ta karantowa. Abin da ya rubuta shi ne zai tafi Katsina ko Abuja ya zama alƙaluma, a kan alƙaluman nan kuma ake raba magani da tallafi.

Ciwon da ake nema shi ne wanda likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. Ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, bayan sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam sun matsa lamba. Alamunsa sun kasu gida huɗu: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu; ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa; zuciyarsa ta dushe, ya daina jin daɗin komai ko ya riƙa zargin kansa; sannan jikinsa ya kasa sakewa, ba barci, ga zabura, ga saurin fushi. Sai abin ya wuce wata guda yana hana mutum harkarsa ake kiransa ciwo. Takardar da aka fi amfani da ita, PCL-5, tambayoyi 20 ce, kowace ana ba ta maki daga sifili zuwa huɗu, jimla 80, kuma wanda ya kai wajen 31 zuwa 33 ana cewa a duba shi da kyau.

To ga inda gizo ke saƙar. Zazzaɓin cizon sauro ana ɗibar jini a gani. Karaya ana ɗaukar hoto. Wannan kuwa duk abin da aka sani daga bakin mai shi ya fito, kuma tambayoyin a fili suke, kowa ya ji ya san amsar da za ta ɗaga maki. Wanda ya yi niyya zai iya cika 80 ba tare da ya taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Turawa sun daɗe da wannan ciwon kai, kuma sun yi ɓarna a hannu biyu. A 1866 wani likitan Landan, John Erichsen, ya yi rubutu kan mutanen da suka tsira daga haɗarin jirgin ƙasa ba rauni a jiki amma suka kasa komawa daidai, kamfanonin jirgi kuwa suka ce kuɗin diyya kawai suke nema. A yaƙin duniya na farko sojojin da rugugin igwa ya gigita an kira da yawansu matsorata. Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 kan laifuka irin su gudu daga fagen fama, ana kyautata zaton wasunsu marasa lafiya ne, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan shekara kusan casa'in a kabari. A ɗaya hannun kuma ƙaryar tana nan. Wani bincike da Mittenberg da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2002 ya tambayi ƙwararrun masu gwajin ƙwaƙwalwa, suka ƙiyasta cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na masu neman diyyar rauni a kotu suna ƙara gishiri ko ƙirƙira, amma a cikin marasa lafiyar da ba su da wata shari'a ko diyya a gaba, kashi 8 ne kawai. Ku riƙe wannan bambanci, zan dawo kansa. Abin da ke motsa adadin shi ne ko akwai kuɗi a ƙarshen takardar.

Yanzu ga dabarun. Uwar gwaje-gwajen ita ce MMPI, wadda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka haɗa a Jami'ar Minesota aka buga a 1943. Bugun 1989 yana da jimloli 567, kowace mutum ya ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne game da shi, na 2020 kuma an rage zuwa 335. Hikimar masu ita ita ce sun cusa masu gadi a cikin tambayoyin. Akwai jimlolin da aka lura cewa ƙasa da mutum ɗaya cikin goma na masu lafiya ne ke amsa su ta wata fuska. Wanda ya amsa irin waɗannan da yawa, ko dai yana cikin mawuyacin hali ƙwarai, ko yana zuzutawa. Daga baya, a 1995, Arbisi da Ben-Porath suka tace waɗanda ko majinyatan da ke kwance a asibitin ƙwaƙwalwa ba kasafai suke amsawa ba. Dalili kuwa, mai ƙirƙira bai san iyakar ciwon ba. Yana tsammanin mai firgici komai ma yana da shi, don haka duk abin da aka tambaya sai ya ce yana da shi, har da alamun da likitoci ba su taɓa gani a tare ba. Mai ciwon gaske zai ce maka wannan ina da shi, wancan kam a'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma galibi wajen haɗama yake ƙurewa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta zaɓi tsakanin abu biyu, irin gwajin TOMM da Tom Tombaugh ya fitar a 1996. Za a nuna wa mutum hotuna 50 na abubuwan yau da kullum, ɗaya bayan ɗaya. Sai a dawo a riƙa nuna masa biyu-biyu, ɗaya ya gani ɗazu ɗaya bai gani ba, a ce ya zaɓa. Gwajin yana kama da mai wuya, amma mai sauƙi ne, yawancin masu ciwon gaske suna cin kusan duka. Ku yi lissafi da ni. Mutumin da ya rufe idonsa yana nuni da yatsa kawai zai dace da wajen 25 cikin 50. Idan wani ya ci 10 kacal, damar hakan ta faru bisa tsautsayi ba ta kai sau biyu cikin dubu ɗari ba. Kafin mutum ya faɗi ƙasa haka, sai ya san amsar daidai sannan ya kauce mata da gangan. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da fannin ke da ita, sai dai ba kowane mai ƙarya ne ke wautar faɗuwa har can ba.

Tunanin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna tafsirin Suratu Yusuf ya ji yadda 'yan'uwan suka zo da dare suna kuka, da riga mai jinin ƙarya, malaman tafsiri kuma suka ce Annabi Yakubu, alaihis salam, ya lura rigar ba ta yage ba. Hawaye sun zuba, amma shaidar ta saɓa wa labarin. Mai gwaji ma abin da yake nema ke nan, wurin da labari ya saɓa wa kansa ko ya saɓa wa abin da aka sani.

Kafin a kai ga zargin ƙarya, akwai abin da doka ta fannin ta ce a fara dubawa: shin mutumin ya ma saurari tambayoyin? Domin wanda ke amsawa barkatai shi ma zai faɗa kan jimlolin nan da ba a cika amsawa ba, makinsa ya hau kamar na mai ƙirƙira. Don haka MMPI tana da tagwayen tambayoyi, a tambayi abu a farko, a sake tambayarsa da wasu kalmomi can gaba, a ga ko amsoshin sun yi karo. Tana kuma ƙirga mai cewa eh ga komai, har ga abu da kishiyarsa. Masu bincike na zamani sun ƙara da duba layin amsa iri ɗaya da ya yi tsawo, da lokacin da aka ɗauka, wasu suna ɗaukar ƙasa da daƙiƙa biyu a kan kowace tambaya a matsayin alamar ba a karanta ba. Akan kuma jefa tambayar da amsarta ɗaya ce ga kowa, kamar a ce wa mutum tun da aka haife shi bai taɓa shan ruwa ba. Meade da Craig sun gano a 2012 cewa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na ɗaliban jami'a da suka cika musu doguwar takarda amsar a-rabu-da-ni suka yi. Ɗaliban jami'ar Amurka fa, a ƙoshe, a inuwa.

Ku kwatanta da namu. Ƙarfe uku na rana, a harabar wata firamare da 'yan gudun hijira suka cika. Dattijuwa ta zo tun hantsi, ba ta karya ba, jikanta na goye yana kuka. Matashi ya kai tambaya ta sittin. Ya ce, "Inna, a cikin watan nan sau nawa kika ji kin yi nesa da mutane: ko kaɗan, kaɗan, matsakaici, da yawa, ko ƙwarai da gaske?" Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, duk wanda ka ga ya dace ka sa." Ya sa. Ya ce, "Ba ki samun barci?" Ta ce, "Eh." Shi bai tsaya ya tantance ko eh ɗin nata na nufin ba ta samu ba ne ko tana samu, ya danna ya wuce. A bayanta akwai mata ashirin a layi, kuma ƙanin mijinta yana tsaye taku uku daga wurin yana jin komai. Idan wannan takarda ta isa ofis, kwamfuta za ta ce amsoshin sun saɓa wa juna. Gaskiyar kwamfuta. Amma wa ya yi sakacin? Wanda ya tsara tambaya tamanin ga mai jin yunwa yana da kaso. Wanda ya ɗora wa matashin nan adadin takardun da zai cika kafin a biya shi yana da kaso. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai takardun da ba su taɓa ganin ƙauye ba, a gindin bishiya a cikin gari aka cika su, saboda hanya ba ta biyuwa kuma mai aikin yana son ransa. Ban ga laifin mai gudun hanyar da ake tare mutane ba. Laifin shi ne ya kawo ƙirƙira ya ce bincike ne. Na'urorin yanzu suna rubuta lokaci da wurin da aka cika kowace takarda, kuma shugaban aikin da bai duba wannan ba kafin ya fara zargin mutanen ƙauye ya fara daga inda bai kamata ba.

Yanzu mu zo kan ma'aunin kansa. Kowa a nan ya san tiya ba ɗaya ba ce. Wanda ya auna masara da tiyar wata kasuwa ya zo Ɗandume ya ce an cuce shi, sai a tambaye shi da wace tiya ya auna. Mutanen da aka fara gwada MMPI a kansu don a san amsar mai lafiya, su ɗari bakwai da 'yan kai ne, fararen fata 'yan Minesota, yawancinsu masu zuwa dubiya asibitin jami'ar. Na 1989 an faɗaɗa zuwa 2,600, duk Amurkawa. Abin da ba kasafai suke amsawa ba shi ya zama abin tuhuma. A cikin irin waɗannan tambayoyi akwai na jin ana bin mutum, da na jin ana ƙulla masa makirci, da na iskoki. A Minesota wanda ya ce ana bibiyarsa wataƙila ruɗu ne. A Sabuwa, inda kowa ya san da infoma, inda ake sace mutum a wayi gari masu garkuwa sun san adadin buhunan da ya noma, wanda ya ce ana sa masa ido lissafi yake yi. Wanda ya ce aljanu sun taɓa shi kuwa, bayanin da al'ummarsa ta ba shi ya maimaita, kuma kafin ya zo wurinku ya riga ya je ruƙiyya.

Haka batun jiki. Mutuminmu ba ya cewa zuciyarsa ta dushe. Zai ce gabansa na faɗuwa, kansa na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a jikinsa kamar kiyashi, ƙirjinsa ya yi nauyi. Likitoci a Najeriya sun daɗe da sanin wannan. Raymond Prince ya rubuta a kan ɗaliban da ke kukan zafin kai da gajiyar ƙwaƙwalwa tun 1960, Peter Ebigbo kuma ya haɗa ma'auni na musamman a Inugu saboda irin waɗannan koke-koke na jiki. A takardar da aka tsara a waje, ƙorafin abu na yawo a jiki yana iya faɗawa cikin alamun da ake ɗauka na ƙirƙira ne. An ma gwada. Weiss da Rosenfeld sun wallafa bincike a 2017 kan 'yan Afirka mazauna Amurka, suka gwada musu ma'aunai huɗu na kama ƙarya, suka ga wasu daga ciki suna yawan kama masu gaskiya.

Ga wani lissafi, misali ne nake bugawa, ba alƙaluman wani bincike ba. A ce mutum 1,000 aka gwada, 50 daga ciki ƙarya suke yi. A ce ma'aunin yana da kyau, yana kama takwas cikin goma na maƙaryata, wato 40. A ce kuma yana kuskuren kama ɗaya cikin goma na masu gaskiya, wato 95 daga cikin 950. Mutum 135 ke nan aka ja wa jan layi, 95 daga cikinsu ba su yi ƙarya ba. Duk inda masu ciwon gaske suka fi yawa, kuma a nan sun fi yawa, yawancin waɗanda ma'auni zai nuna da yatsa masu gaskiya ne. Ƙari a kan haka, an daɗe da sanin cewa tsananin ciwon kansa yana ɗaga makin tuhuma. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ya fi kusa da a kira shi maƙaryaci.

Sai batun sauya labari, wanda na san da yawanku kuna kafa hujja da shi. Mutum ya ce ranar Talata aka zo, bayan wata biyu ya ce Laraba. Ya ce babura goma, daga baya ya ce sun fi ashirin. A 2002 Jane Herlihy da abokan aikinta suka yi hira sau biyu da 'yan gudun hijirar Kosobo da Bosniya 39 a Ingila, mutanen da an riga an ba su izinin zama, ba abin da za su samu da ƙarya. Labaransu sun sassaɓa tsakanin hira ta farko da ta biyu, musamman a ƙananan bayanai na gefe, kuma ga masu firgici mai tsanani saɓanin ya ƙaru idan tazarar hirarrakin ta yi tsawo. Ƙwaƙwalwar da ke cikin tsoro tana riƙe bakin bindiga, ta saki ranar mako. Ni labarin da ya fi sa ni ɗaga gira shi ne wanda ke fitowa sumul, kalma bayan kalma iri ɗaya, daga bakin mutum biyar da ba gida ɗaya suke ba.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fanni kam fuska tana yaudara. Akwai wanda zai ba ka labarin yadda aka yanka ɗansa da murya a daidaice kamar yana karanta farashin taki. Wannan dushewar tana cikin alamun ciwon. Kada wani ya rubuta cewa bai ga alamar damuwa ba don bai ga hawaye ba.

Akwai kuma abin da sunan ciwon ya ɓoye. An gina shi a kan cewa tashin hankalin ya wuce, soja ya dawo gida amma jikinsa bai yarda ba. Gill Straker da abokan aikinta a Afirka ta Kudu sun nuna tun 1987, lokacin wariyar launin fata, cewa akwai mutanen da nasu bai wuce ba, yana ci gaba. Magidancin da ke kwana da takalmi a ƙafa, wanda ke zabura in ya ji babur bayan isha'i, takarda za ta ba shi maki huɗu a kan zabura da rashin barci. Ko ciwo ne, ko hankali ne? Sai an zauna da shi an ji ko a wurin da yake kwana yanzu akwai dalilin tsoro.

Na yi ta magana kan masu ƙarawa. Masu ragewa sun fi su yawa, a ganina, nesa ba kusa ba. Ka tambayi dattijo yaya dare, ya ce Alhamdulillahi. Ka ce Baba kana barci, ya ce to, muna dai godiya. Namiji ba ya so a ce ya karaya. Uba ba ya so a ji kalmar taɓin hankali a gidansa, don yana da 'ya'ya mata da za su yi aure. Matar da aka riƙe a daji makonni ta dawo, akwai abin da ba za ta faɗa wa saurayin da ke riƙe da waya ba ko da za a shekara ana tambaya, balle ga dangin miji a tsaye. Masu MMPI sun san da wannan tun farko, shi ya sa suka sa ma'aunin mai wanke kansa, wanda ke musun ko ƙananan kurakuran da kowa ke yi. Sai dai shi ma a yi hattara da shi a nan, domin mai kunya da mai tsoron Allah suna iya amsawa kamar masu wanke kai alhali tarbiyya ce. Inda ɓoyon ya fi haɗari shi ne wajen ɗaukar aikin tsaro. Tun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, matasanmu da yawa sun shiga, ga kuma 'yan sa-kai. Da yawansu sun binne iyaye ko 'yan'uwa. Matashin da ke son aikin ba zai ce yana mafarkin gawa ba. Wanda za a miƙa wa bindiga ya cancanci a zauna da shi a natse, don kansa da kuma don mutanen da zai tsare a hanya.

To masu ƙaryar fa, babu su ne? Akwai su. Duk wanda ya yi rabon kayan agaji ya ga mutumin da gidansa ke cikin gari lafiya lau ya shiga layin 'yan gudun hijira. Amma ku tuna da kashi 29 da kashi 8. Ranar da labari ya bazu cewa wanda ya ce ba ya barci shi ake ba shinkafa, zuwa la'asar duk unguwa ba mai barci. Uwar da ta faɗi haka don 'ya'yanta su ci abinci ban iya kiranta mazambaciya ba. Yunwarta gaskiya ce, mu ne muka ce sai ta bi ta ƙofar ciwo kafin ta samu. Gyaran yana hannun masu tsara aiki. A raba rajistar abinci da gwajin lafiya, rana daban, mutane daban, a kuma faɗa da babbar murya tun farko cewa amsar da za ka bayar ba za ta ƙara maka ko mudu ɗaya ba, ba za ta rage ba. Asarar gida da gona da shanu ana tabbatar da ita ta wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabta. Wanda aka gano yana da firgici kuma abin da zai samu shi ne magani da mai saurarensa, abin da ba wanda zai yi ƙarya don ya samu.

Addininmu ya umarce mu da bin diddigin labari, ya kuma hana mu yawan zato, a sura ɗaya. Don haka idan ma'auni ya ja layi a kan wani, abin da ya ce kawai shi ne wannan takarda ba za a dogara da ita ba. Bai faɗi dalili ba. Sai a koma. A sa mace ta tambayi mace, a ɗaki, ba kowa a bakin ƙofa. A rage tambayoyin, a yi su da safe. Maimakon zaɓi biyar da baki, a nuna hoton kofuna daga wanda ba komai zuwa cikakke, ta nuna da yatsa. A ce ta ba da labarin daren jiya da bakinta kafin a karanto mata jerin alamu. Da izininta a ji daga wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Kalmar ƙarya kuwa kada ta shiga fayil ɗin kowa sai ƙwararre ya haɗa hujjoji daga wurare daban-daban. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi mutunci da sirrin mai lalura, kuma wanda ke zaune a firamare yana gudun hijira bai fita daga cikinta ba.

Roƙona na ƙarshe ga malaman jami'o'inmu ne, na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma da Ahmadu Bello da Bayero, da likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau. Fassara takarda zuwa Hausa bai wadatar ba. A zo a gwada ta a kan mutanenmu, masu lafiya da marasa lafiya, masu karatun boko da na allo, maza da mata, a san abin da yake amsar yau da kullum a Faskari kafin a ce ta wani ta fita daban. Ku kuma da ke fita da takardun nan gobe, in dattijuwa ta ce ku sa duk wanda kuka ga dama, ku ajiye wayar, ku ba ta ruwa, ku bar gurbin a buɗe, ku rubuta cewa ba a amsa ba.